Wace na'urar gano tururin nukiliya ta dace da mai harkar gwangwan a Legas?

Wata Asabar bayan la'asar kawuna ya kira ni filinsa da ke kusa da Owode Onirin, kan hanyar Ikorodu, inda ya yi shekara da shekaru yana sayen ƙarafa hannun 'yan jari bola yana loda wa masu narkarwa. Na same shi kan benci gaban sikeli, ransa a jagule. An dawo wa maƙwabcinsa da tirela guda cike da kaya daga wani kamfanin narkar da ƙarfe, wai na'urar bakin ƙofa ta yi ƙara. Kuɗin mota ya tafi, kaya sun dawo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yara ne suka sauke kayan da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san wane ƙarfe ne ya sa na'urar kuka.

Kawu ya miƙo mini wayarsa, domin ya san na taɓa aiki da masu ɗaukar hoton cikin walda da tururin nukiliya. "Ɗana, kai ne ka yi aiki da masu hoton walda. Ga wannan na gani a intanet, ba ta da tsada. In saya?"

Na duba hoton. Na ce, "Kawu, wannan ko kusa ba ita ba ce." Na'urar auna ƙarfin lantarki da maganaɗisu ce, irin wadda ke kuka idan an kai ta kusa da firji ko taransifoma. Masu talla suna liƙa mata suna mai kama da na abin da ake nema, mutane suna saye, alhali ko an ɗora ta kan siziyam, sinadarin da ke fitar da tururin nukiliya, ba za ta motsa ba. Abu na farko ke nan da mai saye zai duba: a fuskar na'urar gaske za ka ga µSv/h, wato maikrosibat a awa, ma'aunin ƙarfin tururi, ko CPS da CPM, adadin bugu a daƙiƙa ko a minti. Idan ka ga mG ko µT ko V/m kaɗai, ka ajiye ta.

Damuwar Kawu tana da tushe, domin manyan haɗurran irin wannan a filin gwangwan suka faru. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu mutum biyu suka kwance kan injin gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai filin ƙarafa. A ciki akwai garin siziyam-137 da bai kai giram 100 ba. Da dare mai filin ya ga yana walƙiyar shuɗi, ya shiga da shi gida, ya raba wa dangi da abokai. Mutum huɗu suka rasu: matarsa, yarinya 'yar shekara 6 daga danginsa, da ma'aikatan filin biyu. Sai da aka auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da garin a jikinsu ko a kayansu. A 2000 an yi irinsa a Samut Parakan ta Tailan da kobal-60, mutum uku suka mutu. A 2010 kasuwar ƙarafa ta Mayapuri a birnin Delhi ta gamu da nata. Mu ma ba mu tsira ba. A ƙarshen 2002 wasu sinadaran amerisiyam da beriliyam da ake zura wa rijiyar mai sun ɓace a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su cikin tarkacen ƙarafa a Jamus.

Abin da waɗannan sinadarai ke fitarwa muna ce masa tururi, amma ba ya da wari, ba ya da launi, fata ba ta jin shigarsa. Nau'in da ya fi damun mai gwangwan shi ne gamma, domin yana ratsa ƙarfe ya fito. Alfa takarda ma tana tare shi, beta kuma ɗan falle na alminiyam ya ishe shi. Don haka duk abin da ke ɓoye cikin tulin ƙarfe, da gamma za a kama shi, ko da niyutiron, wani nau'in tururin daban, idan irin na rijiyar mai ne.

Kafin a yi maganar kuɗi, sai mutum ya san tambayar da yake so na'ura ta amsa masa. Akwai nemowa: shin akwai wani abu a cikin wannan kaya? Akwai aunawa: yaya ƙarfinsa a inda nake tsaye, zan iya zama ko in gudu? Sai ganewa: wane sinadari ne? Kowace na'ura tana da wadda ta fi iyawa a cikin ukun, kuma yawancin asarar kuɗi tana zuwa ne daga sayen mai aunawa a sa ta aikin nemowa.

Gaiga ita ce kowa ya sani, mai ƙaras-ƙaras ɗin nan. Hans Geiger da Walther Müller ne suka kammala ta a Jamus a 1928, kuma har yau tsarinta bai sauya sosai ba: bututu mai iskar gas, da waya a tsakiya ɗauke da lantarki mai ƙarfi. Duk ƙwayar tururin da ta tayar da gas ɗin, sai a ji bugu ɗaya. Tana da araha, daga kimanin dala 50 zuwa 'yan ɗaruruwa, batirinta yana daɗewa, ba ta damu da zafi ba, kuma yaro zai koye ta cikin yini guda. Mai faffaɗan baki kamar faifai, wadda ke da siririyar taga, ita ce gwanar gano gari ko ƙurar da ta manne a hannu, a riga ko a ƙasa, domin tana jin beta har da alfa. Sai dai tagar nan tsinke ma yana huda ta, kuma a fili irin na Kawu ko'ina waya ce da ƙusa.

Rauninta babba yana wajen gamma. Gas ba shi da kauri, don haka cikin ƙwayoyin gamma ɗari da suka ratsa bututun, kusan ɗaya tak take kamawa. Ƙaramar Gaiga a wuri mai lafiya tana yin bugu kamar 20 a minti, wani lokaci 14, wani lokaci 27, haka take hawa da sauka. To idan wani abu yana binne a tsakiyar kaya, ya ƙara mata bugu biyar a minti, ta yaya za ka bambance shi da hawa da saukar da ta saba? Sai ka tsaya cak wuri ɗaya minti biyu ko uku. Mai zagaya tirela da ita a hannu cikin sauri, yana ganin lamba ba ta motsa ba, ya ce kaya lafiya, ya yaudari kansa ne. Akwai kuma wani aibi da wasu masu araha da tsofaffi ke da shi: idan tururin ya yi yawa ƙwarai bututun yana shaƙewa, lambar ta faɗo ƙasa, har ta nuna sifili a daidai wurin da ya fi haɗari.

Ta biyu ita ce 'yar ƙaramar da ake maƙalawa a ɗamara, wadda jami'an kwastan da 'yan sanda a ƙasashe da dama ke yawo da ita. A cikinta akwai kiristal, wani dunƙulen gishiri mai nauyi, ko dai sodiyam ayodaid ko siziyam ayodaid, wanda ke yin ɗan ƙyalli duk lokacin da gamma ya buge shi, sai wani ido na lantarki ya ƙirga ƙyallin. Kada sunan siziyam ya tsorata kowa, wanda ke cikin kiristal ɗin ba ya fitar da komai. Robert Hofstadter ne ya nuna amfanin sodiyam ayodaid a 1948. Saboda kiristal ya fi gas kauri nesa ba kusa ba, inda Gaiga ke bugu 20 a minti, wannan tana yin ɗaruruwa. Da ta kusanci abu, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu za ta yi ƙara ko ta yi rawa a ƙugu. Tana koyon yanayin wurin da kanta idan an kunna ta, sannan ta yi gargaɗi in an samu tashi sama da abin da ta koya. RadEye da Polimaster suna cikin sunayen da aka fi sani, kuma kuɗinsu daga dala 1,000 ne zuwa sama.

Na nuna wa Kawu bambancin da idonsa. Na ari na'urorin biyu wajen wani tsohon abokin aiki, na zo da 'yan sandunan waldar agon masu jan kai, waɗanda ke da ɗan toriyam, sinadari mai fitar da tururi kaɗan, a ciki, muka cusa su cikin baro ƙarƙashin guntayen rodi. Yaron sikeli ya bi ta kai da Gaiga, tafiyar da aka saba, ba ta ce komai ba. Ya sake bi da mai kiristal a hankali, dab da kayan, yana isowa wurin ta fara ƙara. Kawu ya tashi daga benci ya karɓa da kansa, ya ja baya ta yi shiru, ya matso ta ɗauka. Ya yi haka sau uku kafin ya ce, "Lallai wannan tana da hanci."

Tana da hanci, amma ba ta da sikeli mai kyau. Lambar maikrosibat da take nunawa kiyasi ne, kuma da yawa daga cikinsu suna cika idan ƙarfin ya kai 'yan ɗaruruwan maikrosibat a awa, su kasa faɗa maka ko abin ya ninka haka sau goma ko sau dubu. Ba ta jin alfa, beta ma da ƙyar. Shi ya sa kamfanonin ke yin samfurin da ke da kiristal da ƙaramin bututun Gaiga a gida ɗaya, kiristal ya nemo, Gaiga ta karɓa idan abin ya yi tsanani. Wanda zai sayi na'ura ɗaya tak, wannan haɗin nake ba shi shawara.

A 'yan shekarun nan an samu wata tsaka-tsakiya. Da, idon da ke ganin ƙyallin kiristal wani bututun gilashi ne mai saurin fashewa, mai son lantarki mai yawa. Yanzu an maye gurbinsa da ɗan falle na silikon da bai kai farce ba, shi ne ya sa na'urorin suka ƙanƙance, suka yi araha, har suke haɗuwa da wayar hannu suna zana taswirar inda aka bi. RadiaCode misali ce, kiristal ɗinta santimita ɗaya ne ta kowane gefe, kuɗinta 'yan ɗaruruwan daloli. Ta fi Gaiga ji sosai, har tana iya nuna alamar sinadarin idan an ba ta lokaci. An yi ta ne don masu sha'awa da ɗalibai, jikinta roba ne marar kauri, ba ta da juriyar faɗuwa kan kankare ko dukan ruwan Yuni. Ga ƙaramin dila da ke saye baro-baro, wanda dala 1,000 ta fi ƙarfinsa, ina ganin ta fi kowace Gaiga mai irin kuɗinta amfani, muddin za a sa ta cikin jaka mai kauri a riƙe ta kamar ƙwai.

Sai masu ganewa, waɗanda ke faɗin sunan sinadari. Kowane sinadari yana fitar da gamma mai ƙarfi na musamman, kamar yadda kowane mutum ke da muryarsa. Siziyam-137 yana kan 662 keV (keV shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), kobal-60 yana da murya biyu, 1173 da 1332, amerisiyam-241 yana ƙasa kan 60, fotashiyam-40 kuma 1461. Ingancin na'ura shi ne yadda take raba muryoyi masu kusa da juna, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi kyau. Sodiyam ayodaid yana da kusan kashi 7 cikin 100, wato muryoyin da ke kusa suna cakuɗe masa. Lantanam boromaid, wanda aka fito da shi wajen 2001, yana da kusan kashi 3, sai dai shi kansa yana da ɗan tururi a jikinsa da ke rufe abu mai rauni. Wani kiristal da ake kira CZT yana sauka zuwa kashi 1 ko 2 ba tare da sanyaya ba, amma ana samunsa ne ƙanana, don haka yana da kaifin raba muryoyi amma jinkirin kamawa. Sarkinsu jamaniyam ne tsantsa, wanda ke ƙasa da rabin kashi ɗaya, yana raba abin da duk sauran suka haɗa. Kuɗin sarautarsa shi ne sanyi: sai an kai shi kusa da digiri 190 ƙasa da sifili, da ruwan naitirojin ko da injin sanyaya da ke jikinsa, ya ɗauki awanni kafin ya fara aiki, kuma yana da nauyi. Mai sodiyam ayodaid irin identiFINDER yana haura dala 10,000, na jamaniyam irin ORTEC Detective yana dosar dala 100,000.

Waɗannan kayan hukuma ne da na tashar jiragen ruwa. A Apapa da Tin Can suna da muhimmanci, domin yawancin ƙarar da ake ji a tashoshin duniya ta halal ce: tayil, dutsen giranait, takin zamani mai fotash, yashin ma'adinai. Duk wanda ya san Jos ya san turɓayar da aka bari bayan haƙar kuza tana da toriyam. Tsofaffin bututun mai suna tara dattin radiyam a cikinsu, kuma irinsu suna yawan shigowa gwangwan. Har mutumin da aka yi wa maganin maƙoƙo da ayodin-131 yana iya tayar da na'ura kwanaki bayan an sallame shi. Jami'in da ba shi da mai ganewa, ko dai ya tsare kwantenar tayil mako guda ba dalili, ko ya gaji da ƙara ya kashe na'urar, kuma na biyun shi ne abin tsoro. Amma mai fili ba ya bukatar sanin ko siziyam ne ko kobal. Matakin da zai ɗauka ɗaya ne.

Maganar niyutiron gajeriya ce ga ɗan kasuwa. Ita ce hanyar kama fulutoniyam da irin sinadarin rijiyar mai, don haka masu tsaron iyaka ba sa wasa da ita. Ana gano niyutiron ne da iskar hiliyam-3, wadda ake samu daga ruɓewar tiritiyam na makaman nukiliya, kuma ta yi ƙaranci wajen 2008 saboda yawan na'urorin da Amurka ta kafa a iyakokinta bayan 2001. Wannan ƙaranci ne ya tura masu bincike ga litiyam-6 da boron-10, da kiristal irin CLYC da ke jin gamma da niyutiron a lokaci guda. Mai sayen kaya daga Fatakwal da Warri, in yana da hali, ya nemi mai wannan ƙarin. Sauran za su iya haƙura.

Legas tana da nata sharuɗɗan da takardar talla ba ta faɗa. Sodiyam ayodaid yana shan danshi kamar gishirin miya a damina. A rufe yake ruf cikin gwangwaninsa, amma da murfin ya tsage sai ya yi rawaya ya mutu, kuma sauyin zafi na farat ɗaya, daga ofis mai sanyi zuwa gaban mota da ta sha rana, yana iya tsaga shi. Siziyam ayodaid ya fi juriya ga duka biyun da kuma faɗuwa, shi ya sa na fi son sa a nan. Ka nemi mai cin batirin AA ko AAA da za ka samu a kowane kiyos, domin mai caji yana iya mutuwa ranar da ba wuta. Ka duba lambar IP, wadda ke nuna juriyar na'ura ga ƙura da ruwa, ta kai 65. Ka nemi takardar gwaji mai ɗauke da lambar na'urar, kuma a riƙa kai ta ana daidaitawa duk shekara. Cibiyar kariya daga tururi da ke Jami'ar Ibadan, wadda ke ƙarƙashin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, tana yin wannan aiki. Ta hannu, wato wadda aka yi amfani da ita, tana iya yin kyau, amma kada a biya sai an gwada ta gaban abin da aka san yana fitar da tururi. Bajon da masu hoton walda ke maƙalawa a ƙirji kuwa lissafin abin da jiki ya sha yake yi, ba ya nemo komai.

Akwai abin da na daɗe ina nanata wa Kawu, domin ya fi zaɓin na'ura nauyi. Ƙarfin tururi yana raguwa da nisa cikin sauri: ka ninka tazara biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ka ninka goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Ƙari a kan haka, sinadaran nan suna zuwa ne cikin gidansu na dalma, ga tulin ƙarfe kewaye da su. Idan an riga an loda tirela, ko na'ura mai tsada tana iya wucewa ba ta ji ba, har manyan ginshiƙan ƙofar kamfani ma wani lokaci abu yana kuɓuce musu. A 1998 an narkar da siziyam a wata masana'antar ƙarfe da ke kudancin Sifen, sai a Faransa da Italiya da Suwizalan aka fara ganin alamarsa a iska. Mai fili yana da damar da babban kamfani ba shi da ita, domin kaya suna zuwa masa kura-kura, buhu-buhu. Wurin aunawa shi ne bakin sikeli, na'ura tazarar taƙi ɗaya daga kaya, ana tafiya da ita a hankali.

Ido ma na'ura ne. Abu ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, kamar akwatin hoton walda da bai fi jakar hannu ba amma ya haura kilo 20. Dunƙulen dalma mai ƙaramar ƙofa ko makulli, irin wanda ake cirowa daga jikin tanki ko bututu idan ana kwance tsohuwar masana'anta. Alamar fanka mai fukafukai uku kan rawaya, ko sabuwar da aka fito da ita a 2007, jan alwatika mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Dalma tana da kuɗi, shi ya sa hannun yaro ke saurin kai wa guduma, kuma fasawar nan ce ta kashe mutane a Barazil da Tailan.

A wuri mai lafiya na'ura tana nuna tsakanin 0.05 da 0.2 maikrosibat a awa. Idan ta ninka abin da ta saba sau da yawa kan wani kaya, a ware kayan ba tare da an taɓa da hannu ba. Idan lambar tana ta hawa tun kana nesa, ko an ga abin a fashe, hukumar nukiliya ta duniya ta ce a ja baya aƙalla mita 30, kuma duk inda ya kai 100 a awa kada kowa ya tsaya. A kira NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, tana da hedikwata a Abuja da ofishi a Legas, ko a kira 112 ko 767. Kada a jefa shi a kwata ko a lagun, kada a mayar wa wanda ya kawo ya tura kurarsa cikin unguwa. Wanda ya riga ya riƙe, idan ya fara amai cikin awanni ko ƙuna ta fito masa ba tare da wuta ba, a gaya wa likita ainihin abin da ya taɓa.

Kawu bai sayi mai ganewa ba, bai kuma sayi ta intanet ɗin nan ba. Ya tara maƙwabtansa huɗu suka yi karo-karo, suka yi odar mai siziyam ayodaid da Gaiga a ciki guda ɗaya, wadda ake bi da ita kan duk lodin da zai fita, shi kuma ya ƙara da ƙaramar mai haɗuwa da waya don bakin sikelinsa. Kullum da safe, kafin kurar farko ta shigo, yaron sikeli yana kunna ta a tsakiyar fili, ya jira minti biyu, ya rubuta lambar a bayan littafin awo. Lambobin wayar hukuma suna jikin kwantenar ofis da jan fenti, da Hausa da Yarbanci.